Dutsen da Baba Ya Ba Goggo

Baba ɗaurin kaya ne sana'arsa. Shi ke labta wa jakai shinkafa daga Kalgo zuwa Gwandu, in gefe ɗaya na mangala ya rinjaya sai ya sa dutse a ɗayan.

Shekarar da Goggo, yayarsa, za ta tafi Makka a jirgin sama, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ɗaure akwatin ƙarfenta da igiya, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Ina surfe a tsakar gida ina jin sa yana zagaya akwatin yana tsaki. Wa zai ɗaure shi cikin jirgi? In suka jibge shi gefe guda fa?

Ranar tafiya ya kawo dutse naɗe a tsumma.

"Yaya, ki ce su sa wannan a ɗaya gefen."

Goggo ta harare shi, amma ta karɓa.

Da ta dawo, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya tambayi dutsen.

"A Kano na yar da shi," in ji ta. "Masu jirgin ma suna auna kaya, su raba hagu da dama, su rufe da raga su ɗaure tam."

Baba ya ce, "Da suka ɗaure, sun girgiza sun gani?"

Goggo ta ce ba ta lura ba. Ga ta a gabansa lafiya lau, amma ranar Baba bai ci tuwo ba.