Kawu Shehu, Mai Zarton Gora

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, sha ɗaya ga watan Shawwal, da hantsi, Allah ya karɓi ran kawuna, ƙanen mahaifiyata, Malam Shehu Mai Zarto, a gidansa da ke Ɗanzomo, bayan ciwon ƙirji da bai daɗe yana jinyarsa ba. Ina tankaɗe a gidana a Gumel aka kira ni a waya. Kafin mu sami mota mu isa, har an kai shi makwancinsa.

Kawu, sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka rubutuna ba mai ado ba ne. Amma akwai alherin da ka yi mini wanda ban taɓa iya gode maka da baki ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Duk wanda ya san ka, da sana'ar rage rassan itatuwa ya san ka. Idan bazara ta kama, masu gidaje suna tsoron iskar farkon damina, daga Sule Tankarkar har Gumel kai ake aika wa. Makiyaya ma kai suke kira ka sauke musu ganyen gawo da rani, domin masu gonaki sun yarda da hannunka: ba ka taɓa yi wa itace ƙwal-ƙwal ka bar shi ba. Sau nawa ka gyara darbejiyar ƙofar gidan wata tsohuwa ka tafi, ko ruwa ba ka tsaya sha ba.

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, Baffa muke ce masa a gida saboda sunan kakansa ya ci. Tun da ya tasa ya kama hawan itace da barandami yana sara ana biyansa. Ba ya jin tsoron komai. Ni kuwa duk ranar da ya fita, ba ni da sukuni. In na ji an ce wani ya faɗo daga kuka, sai gabana ya faɗi. Ga shi ɗan fari ne, ba dama in tare shi in ce ina za ka, ba dama in tambayi mutane ko ya sauko lafiya. Abin da na girma na tarar ke nan, kuma shi na riƙe. Sai dai in yi ta share tsakar gidan da na riga na share.

Kai kaɗai ka lura. Wata rana ka zo gaishe mu, ka same ni na ƙona miya, ka kalle ni, ka kalli ƙofa. Da Baffa zai fita washegari ka ce, "Kai, biri, zo ka ɗaukar mini gora. Tsufa ya hana ni." Ya ce, "Tsoho, in ƙarfinka ya ƙare ka sakar mini matarka Rahamatu kawai, dama ni take so." Ka ce, "Ka fara iya riƙe zarto tukuna." Da wannan wasan jika da kaka ka janye shi jikinka, bai ma san an janye shi ba.

Ka kai shi kasuwar Maigatari ka zaɓar masa zarto mai lanƙwasa, irin wanda yake ci idan an jawo shi. A tsakar gidana ka nuna masa yadda ake ɗaure shi a kan busasshiyar gora da roba, a tamke har ya daina motsi, da yadda ake wasa haƙoransa ɗaya-ɗaya da magagari. Ina daga ɗaki ina jin ku. Ka ce a fara tsaga reshe ta ƙasa kafin a yanka ta sama, don kada ya ɓalle ya saluɓe ɓawon itacen. Ka ce kada ya tsaya daidai ƙarƙashin abin da yake yanka. Ka ce reshen da gora za ta kai, babu dalilin hawa masa. Wannan ta ƙarshen, Kawu, na san ba shi kaɗai kake gaya wa ba, don ka ɗaga murya.

Daga nan duk ranar da kuka yi aiki a Gumel sai ka biyo ta gidana, ka zauna a zaure, ka ce wa iska, "Itacen yau gajere ne, ƙafarmu ba ta bar ƙasa ba." Ni kuma in ce, "Kawu, a kawo fura?" Iyakar hirarmu ke nan a kan maganar, shekara da shekaru.

Ba zan manta da ranar darbejiyar Hajiya Talatu ba, maƙwabciyarmu. Rassanta sun shiga cikin wayar lantarki. Gorarku ta tsage, sai Baffa ya samo dogon bututun ƙarfe ya ɗaura zarton a kai, yana murna ya sami abin da ba zai karye ba. A lokacin an daɗe ba a kawo wuta unguwarmu ba, har mata suna shanya a kan wayar da ta shigo gidaje. Maza sun taru a gindin itacen. Ina leƙe ta bayan ƙyaure, jikina yana ba ni akwai abin da ba daidai ba, amma ban san mene ne ba, kuma ko na sani, ba zan iya buɗe baki a gaban taron nan ba.

Ka iso a makare, ka hango Baffa ya fara ɗaga bututun. Ban taɓa jin ka yi tsawa ba sai ranar. "Ajiye ƙarfen nan!" Ya ce, "Haba tsoho, wace wuta? Wayar nan ai igiyar shanya ce yanzu." Mutane suka yi dariya, har mijin Hajiya yana cewa a ƙyale yaro ya gama. Ka ce, "In za su kawo, kai za su aiko wa?" Ka fizge bututun ka jefar a kwata. Ka ce ko da gora ba za a taɓa rassan nan ba sai an kira masu gyaran wuta sun cire layin. Ya yi fushi, ya zauna a dakali yana huci. Ba a yi sallar la'asar ba yara suka ɗauki ihun an kawo wuta, rediyon da wani ya manta a jone ya kama magana. Na koma ɗaki na zauna a ƙasa.

Ranar ba ka ce wa iska komai ba. Ka sha furarka, ka tafi.

Yanzu ba ka nan, bazara kuma ta kama, kiran da ake yi maka shi ake yi wa. Yau da safe ya ɗaure kayansa a babur zai tafi Gagarawa Tasha, aikinsa na farko tun bayan rasuwarka. Na tsaya da tsintsiya a hannu, na tuna babu wanda zai zauna a zaure da yamma. Sai na ji bakina ya ce, "Idan ka gama ka kira ni a waya. Ina jira." Ya juyo yana kallona kamar bai san ni ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna." Bayan azahar ya kira. Ya ce, "Na gama."

Allah ya jiƙan ka, Kawu. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Yadda ka tsare mini ɗana, Allah ya tsare maka bayanka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Rahamatu, da 'ya'yanka Ubale, Hannatu da Sumayya, da dukkan dangi na Ɗanzomo da Gumel. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, mu kuma idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.

Ummulhairi, Gumel