Lokacin da Aka Ce Ɗiyata Ta Natsu

Shekarun baya, ƙarar moɗa ce ta fara komai. Ina tankaɗe na ji ta faɗi a bakin randa tana mirginawa, na ce, "Ke, bar mini wasa da moɗa!" Ba amsa. Da na leƙa, ɗiyata ce kwance tana karkarwa, kumfa a baki. Farfaɗiya.

Yarinya ce mai surutu da ƙiriniya, har malaminsu na lakwal, wato makarantar boko, ya gaji da kawo ƙara. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an sha ƙwayoyi, faɗuwar ba ta daina ba. Sai muka ji ana gwajin wani sabon magani a wani asibiti nan Konni. Aka yi mana bayani, maigidana ya zo daga Malbaza ya amince.

Faɗuwa ta tsaya cak. Duk wata mukan koma ni da surukata, wata ma'aikaciya ta yi ta tambaya. Ban da faɗuwar, tana son sanin barcinta, cin abincinta, wasanta, halinta. Surukata ke riga ni: "Hali? Ai ta natsu, 'yar nan. Ba musu, ba yawo. Maganinku har tarbiyya yake yi." Ni ma, duk da kwalejin da nake taƙama da shi, sai in gyaɗa kai in ce alhamdulillahi. A wajenmu yaro mai shiru shi ne yaron kirki. Wa zai kai ƙarar natsuwa asibiti?

Amma ina gani. Inda na ajiye ta, nan nake tarar da ita. Ƙawayenta na gaɗa a ƙofar gida, ita tana kallon bango. Fatihar da ta haddace tun tana ƙarama ta fara kakare mata.

Wani zuwan, ma'aikaciyar ta bar tambayar hali, ta dube ni ta ce, "Maman yarinya, yaushe rabon da ta ba ki haushi?" Surukata ta yi dariya. Ni kuwa na buɗe baki, na kasa tuna ranar. Sai hawaye, na faɗi duk abin da nake gani a gida.

Likita ya ce abin da na faɗa shi ma sakamako ne, daidai da faɗuwar. Na amince, aka janye maganin a hankali, aka sa ta a wani. Surutu ya dawo, faɗuwa ma ta dawo, ko da yake ba kamar da ba. Wata rana faɗuwar ta same ta kusa da murhu, ta ƙone. Tabon yana nan a hannunta, kuma surukata har ta rasu, Allah Ya jiƙanta, ba ta daina cewa ni na jawo ba.

Har yau ban san ko daidai na zaɓa ba, Allah ne masani. Na dai daina cewa "da sauƙi" kafin in duba. Ranar da nake wanke mata ƙunar ina kuka, ta ɗago ta ce, "Mama, bar kuka. Wannan ai ina jin zafinsa. Wancan lokacin, ko kina kusa da ni, daga nesa nake jin ki."