Kwalin da Ke Hammatar Dattijo

A ƙofar tashar Jambutu, inda 'yan sintiri ke laluben kowa tun shekarar tashin bama-bamai, Keturah mai ƙosai tana kallon wani dattijo. Siriri ne, kwat ɗin jikinsa ta yi masa yawa, takalminsa ya sha faci amma an goge shi tas. A hammatarsa akwai wani dogon abu naɗe cikin leda, ya ƙanƙame shi.

"Baba, ajiye wannan a ƙasa," in ji ɗan sintirin.

Mutane suka dare. Keturah ta manta ƙosanta a mai.

Dattijon bai ajiye ba, don ƙasan duk laka ce. A hannunsa ya warware ledar. Tsohon kwali ne na koyar da Turanci, an raba shi gida uku: yadda ake faɗin abin da ya wuce, da wanda ake ciki, da mai zuwa. Gida biyu cike suke da rubutu, na ukun fari fat. Malamin firamare ne, Keturah ta ayyana, daga can wajen Madagali.

"Nan fa, Baba?" in ji ɗan sintirin, yana nuna gidan da ba rubutu.

"Nan muka tsaya ranar da muka gudu," ya ce, yana sake naɗewa. "Yanzu an sake buɗe makarantar. Ina motar Gulak take?"