Man Inna a cikin injina

Jikata da ke karatu a Yamai ta ce mini wai yanzu ana matse mai daga gansakuka, koren nan da ke rufe tabki, a zuba wa mota. Ta zaci zan yi dariya. Ban yi ba, don na taɓa ganin inji ya sha abin da ya fi ƙarfin tunanina.

Ina da injin niƙa a ƙauyenmu kusa da Gangara, shekarun da aka rufe iyakar Najeriya. Gazuwal, man da injin ke sha, ya ɓace. Injin ya yi shiru, mata suka koma turmi da dutsen niƙa, har da mahaifiyata, Inna, wadda kafaɗarta ta dama ta daɗe da gajiya. Wani ɗan kasuwa daga Damagaram ya taya injin, ya ce zai zo da mota ran kasuwa ya ɗauka. Na amsa masa, amma zuciyata ba ta amsa ba. Raƙumina na sayar na sayi injin nan.

Wani Buzu direban babbar mota ne ya ce mini irin wannan inji yana shan man gyaɗa, in an ɗumama shi ya tsinke. Na ce a raina, zaman hamada ya taɓa shi. Duk da haka na je wajen Inna, don ita ce mai ƙuli-ƙuli a unguwarmu. Gyaɗa ta yi wuya a lokacin, tulun mai guda ya rage mata.

"Ɗan nan, abin da mutane ba su samu ba za ka ba ƙarfe?" in ji ta.

"Inna, ɗumama mini kawai."

Ta ɗumama, na zuba. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Da na kwance abin tace mai, sai ga albasa, soyayya, ta toshe ko'ina. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Inna, wa ya ce ki sa albasa?"

"Wa ya taɓa ɗora mai a wuta bai sa albasa ba? So kake ya sha da gafi?"

Ita ce ta kwance kallabinta, muka tace man a ciki har ya yi garau. Na wanke komai, na tada injin da ɗan guntun gazuwal na gindin galan, sannan na sakar masa man Inna. Ya yi kamar zai shaƙe, sai ya kama. Hayaƙinsa ƙamshin ƙosai yake, yara suka yi ta leƙe suna neman mai tuya. Ni kuwa daɗi ya cika ni.

Ran kasuwa mutumin Damagaram ya iso ya tarar da ƙwaryar masu niƙa a jere har bakin hanya. Na ba shi haƙuri da ruwan sha, ya koma da motarsa wayam.

Da la'asar Inna ta shigo da ƙwaryar soyayyar gyaɗa, ta ajiye a gaban kowa da hannun hagu.

"Niƙa mini," ta ce. "Tunda ya ci nawa, sai ya yi mini aiki. Ni in matse, shi ya sha."

Daga ranar ba ta sake ɗaga taɓarya ba.