Ferihan Abla da Tafkin Siutghiol

Ranar Asabar, 14 ga watan Yuni, da hantsi, Allah ya karɓi ran Ferihan Menlibai a tafkin Siutghiol da ke gefen birnin Constanța. Shi ya ba mu aronta, shi kuma ya karɓi abinsa. Ina bakin gaɓa abin ya faru. Ƙarar na fara ji kafin in ga komai, kuma har yau ba ta bar kunnena ba.

Abla muke kiranki, don ke yaya ce gare mu duka. Kin sha ba mu labarin ranar da masu neman 'yan wasa suka je ƙauyenku kusa da Medgidia, suka iske ki da buhun masara a kafaɗa, suka auna tsayinki da faɗin hannuwanki, suka ce wa mahaifinki za a mai da ke matuƙiyar kwalekwalen tsere. Ko iyo ba ki iya ba a lokacin. Ba a daɗe ba kika hau kujerar da sauran bakwai ke bin bugunta a jirgin mata takwas na ƙasa. Kin ciyo lambar azurfa a gasar duniya da haƙarƙari a tsage, ba wanda ya sani sai da aka ɗauko ki daga cikin jirgi. Da ciwon baya ya raba ki da filafili, kika dawo gida kina horar da 'yan mata.

Ni Tudora ina cikin na farkonsu. Na zo miki ramammiya, ina ƙin cin abinci don wani ya ce nauyi zai hana ni shiga jirgi. Kika dube ni ina tuƙi kika ce, “Ke Tudora, filafili ne a hannunki ko ludayin miya?” Da aka tashi kika ja ni gidanki, kika ajiye mini faranti cike da shuberek mai zafi, soyayyen ƙullin fulawa mai nama a ciki, romo na tsiyaya, kika zauna kina fasa mini bororon hannu kina shafa magani. “Cinye duka. Ba a jan ruwa da yunwa.” A gidanki na zauna har na gama makaranta. Ba ki taɓa tambayata addinina ba, amma ran Ista ke kike tashina in tafi coci.

Tafkin da kika sani ya canza a kan idonki. Otal-otal suka cika gaɓar Mamaia, jiragen shaƙatawa masu gudun tsiya suka yi yawa. Kin je ofishi bayan ofishi kina roƙon a ware mana hanya. Aka zuba alamu a ruwa, kafin damina ta wuce an tsinke su. Bara igiyar ruwan wani jirgi ta raba kwalekwalen wata yarinya biyu, aka fito da ita tana aman ruwa. Ran nan ba ki yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Kika tsaya kina kallon ruwan, kika ce, “Tudora, tafkin nan sai ya ci mutum. Ina dai roƙon Allah kada ya zama 'yar wani.”

Daga nan kika daina bin 'yan mata ta gefen gaɓa kamar sauran masu horarwa. Kullum ƙaramin jirginki na inji yana tsakaninsu da faɗin tafki. A makon ƙarshe kika je kabarin iyayenki ba sallah ba komai, kika dawo kina yi mini bayanin kowace yarinya ɗaya bayan ɗaya: wadda ke ɓoye ciwo, wadda ba a yi wa tsawa. Na ce, “Abla, tafiya za ki yi ne?” Kika ce, “Ke dai riƙe abin da na faɗa miki.”

Safiyar Asabar ruwa ya kwanta lumus, ko iska babu. Jirgin mutum takwas na ƙananan 'yan mata yana tsakiyar tafki, ana shirin gasar ƙasa. Sai ga wani jirgi a guje, matuƙinsa ya juya yana kallon wanda yake ja da igiya a baya. Masu tuƙin tsere baya suke bai wa inda za su, don haka ba su gan shi ba, sai yarinyar da ke riƙe da akalar jirgin, ita kuwa murya ta maƙale mata. Kin gan shi. Kika ɗaga murya yadda har mu a gaɓa muka ji: “Ku ja! Kada wadda ta waiwaya!” Suka ja, don ba su saba saɓa miki ba. Kika karkata jirginki kika tare hanyar, jirgin ya afka miki.

Su tara duk suna raye, ko ƙwarzane babu. An binne ki a ƙauyenku, Musulmi a sahu, mu Kirista a bayansu, iyayen yaran nan sun kasa haɗa ido da mijinki.

Kwana uku da rasuwarki jiragen suka dawo, gudunsu bai ragu ba. Jiya 'yan matan suka same ni a rumfar kwalekwale suka ce, “Anti, Litinin za mu fita?” Gasar ta matso, kuma na san amsar da za ki ba su.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Ablachim, da 'yarki Sevgin, da dangi na Medgidia, da duk wadda ta taɓa cin shuberek a teburinki. Allah ya ba su haƙurin rashinki. Allah ya ji ƙanki, Ferihan Abla, ya yafe kurakuranki, ya yalwata kabarinki, ya karɓi abin da kika bayar ya saka miki da Aljanna. Ya Allah, ran Litinin zan fita da yaran nan. Ka dawo mini da su su tara.