Gefe na Biyu na Kaset ɗin Kaka

A shekarar da na cika tara, wata Alhamis da hantsi bayan an gama aikin Hajji, alhazai sun fara ɗaure kaya, Baba ya shigo gidanmu na unguwar Jarwal a Makka da kwali a kafaɗa. Sana'arsa ke nan, ya sayi tsofaffin kaya a haraj, wato kasuwar gwanjo, ya gyara ya sayar. A kwalin akwai fanka marar kai da butar shayi da tarin kaset-kaset. Aikina ne, idan na gama wanke tukwanen tuwon da Umma ke sayar wa alhazai, in zauna gaban rikoda in saurari kowanne. Na karatu da wa'azi su koma gefe guda, sauran kuma in liƙa musu salatif a kan ramin nan na sama, don a iya ɗaukar magana a kansu.

A cikinsu na ci karo da wani baƙi mai rubutun boko. Na danna, sai na ji goge. Na jira ganga ba ta shigo ba, na jira mawaƙi bai buɗe baki ba. Goge ɗaya ya faɗi abu, na biyu ya karɓa ya maimaita a ƙasa-ƙasa, na farkon ya dawo ya ƙara, suna bin juna kamar mata biyu masu ciniki da ba sa son a tashi. Ƙarƙashinsu wani abu na ta ƙyas-ƙyas kamar ana taɓa wayoyin ƙarfe. Har ƙawayena suka kira ni carafke a kan soro ban motsa ba.

Abin ya ɗaure mini kai. Yadda Umma ke ba mu labarin gida, kowane kiɗa da mai shi: na manoma daban, na mahauta daban, na biki daban. Na tambaye ta wannan na wane ne. Ta saurara da ludayi a hannu, ta ce ba na rawa ba ne, ba na roƙo ba ne, ita kam ba ta taɓa jin makaɗin da ke kiɗa ba wanda yake wasawa ba. Baba ya ce ko na wane ne, a rage sauti, Makka muke. Bai ce haram ba, bai ce halal ba, ni kuma na kasa sanin ko laifi nake yi. Na dinga ji a hankali, kunnena manne da rikoda.

A lokacin ba mu da tarho. Idan alhazai za su koma, kowane gida kan ɗauki magana a kaset a ba wani amintacce ya kai wa dangi. Umma na da saƙo ga mahaifiyarta a Kano, Kaka, wadda ban taɓa gani ba. Da aka duba sai ga sauran kaset ɗin duk sun taune, nawa kaɗai ke tafiya sumul, ga alhajin da zai kai yana shirin tafiya Jidda. Nan na yi cinikina na farko a duniya. Na ce wa Umma ta ɗauki gefe na farko, ta bar mini na biyu, kuma ta roƙi Kaka ta dawo da shi baɗi. Ta yi dariya ta ce, "Hajara, ke dillaliya za ki zama." Ta yarda. Sai dai tana fara gaisuwa kuka ya ci ƙarfinta, ta lissafo 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya har zaren ya ƙare, ba ta kai ga roƙon ba.

Shekara guda ina rera abin da na riƙe a ka, ina hawa bene da jarkar ruwa, ina tafiya bakala, wato kantin unguwa, sayo burodi. Kullum yana raguwa, yana cakuɗa da wasu muryoyi. Da Hajji ta zagayo, wata hajiya 'yar unguwar Kaka ta zo da ƙullin kuka da daddawa, da kaset ɗina. Na juya gefe na biyu na danna. Muryar tsohuwa ce ta fito. Haka ake yi, a kan kaset ɗin da aka aiko ake mayar da amsa. Ta gaishe mu, ta sa albarka, ta ce ta ji wani kukan goge ba mai waƙa har gabanta ya faɗi, ta zaci wani aka rasa aka kasa gaya mata. Sannan ta ce, "Ina Hajara? Ki zo in gan ki kafin ƙasa ta rufe mini ido." Aka ji ƙarar maɓalli, sai gogen nan biyu suka ɓullo, tsawon numfashi kaɗan, zaren ya ƙare.

Umma na kuka, ni ma ina kuka, ta rungume ni tana cewa yarinyar nan akwai son dangi. Ban san wanne nake wa kukan ba. Kaka ta rasu kafin wata Hajjin, kuma muryarta ba ta ko'ina sai a nan.

Yau ina da shagon abaya da darduma a Aziziyya, nan Makka. Da na girma na gane irin kiɗan nan na Turawan da ne, zamanin da suke kira Barok. Na saurari na bayansu ma, masu taron makaɗa kamar kasuwa ta ci, amma zuciyata na wajen tsofaffin Jamus da Italiya, masu barin goge biyu su yi zance. Wancan ɗin dai ban same shi ba. Ɗan abin da ya rage bai isa a gane shi ba, 'ya'yana sun gwada da waya sun gaji. Su yanzu saƙon murya suke turawa Kano kafin shayi ya huce, ba a share komai don a samu wuri. Ni kuwa idan na kunna kaset ɗin, har yau ban sani ba ko so nake tsohuwar ta yi shiru da wuri, ko ta ƙara magana.