Wasiƙar da na sa aka rubuta wa baban Garba

Jiya a wajen suna a unguwar Plumstead, nan London, wani mai furfura ya durƙusa ya gaishe ni. Dakta Garba ne, ɗan garinmu. Na kasa haɗa ido da shi.

Zamanin kuɗin mai, maigidana ɗan kwangila ya zo da ni London ina riƙe masa jaka. Kullum da rana mukan shiga wani gidan giya a Aldwych mu ci kifi da dankali. Can na ga Garba, lokacin yana ɗalibi, ɗauke da kofunan giya. Ni ban yi boko ba, sai na sa aka rubuta wa babansa cewa ɗansa ya zama mashayi. Tsohon bai ƙara amsa gaisuwarsa ba har ya rasu.

A wajen sunan, na daure na ce, "Garba, ka san ni na kai ƙararka gida?"

"Tun tuni, Baba. Wankin kofuna nake yi a wurin, ban taɓa kurɓa ba. Amma kai me ya kai ka ciki?"

"Kifi," na ce.

Ya yi dariya, ya zuba min shayi. Ni dariyar ta ƙi zuwa.

Mutane da yawa sun cuce ni a garin nan, kuma ban manta ko ɗaya ba. Garba ya ce ya yafe min. To jama'a, tsohon da ya tafi yana fushi da ɗansa saboda ni, yaya zan yi da haƙƙinsa?